Odile Mai Hoton Motoci

Duk gidan da ka shiga a ƙauyen Arnage ka ga hoton biki a bango, to aikin Odile Gasnier ne. Haka hoton fasfo, haka na jarirai ranar da aka kai su coci. Shagonta ɗan tsukuku ne tsakanin mai burodi da mai sayar da magani, kuma ba ta taɓa ɓoye wa kowa cewa wannan aikin na neman abin sawa a bakin salati ba ne kawai. Amarya ta tsaya ƙiƙam, ango ya yi murmushin dole, ita kuwa ta ce ko akuya aka miƙa wa kyamara za ta ɗauka. Aikin da take kira aiki sau ɗaya yake zuwa a shekara, cikin watan Yuni, lokacin da ake rufe hanyoyin kudancin Le Mans a saki motocin tsere su yi ta zagaye awa ashirin da huɗu, daga yammacin Asabar zuwa yammacin Lahadi.

A cikin rugugin nan ta tashi. Gonar ubanta tana bakin dajin da hanyar tseren ta ratsa, kuma tun tana yarinya ta saba ganin shanunsu sun ƙi ba da madara duk ƙarshen makon. Wani kawunta ne ya ba ta tsohuwar kyamara tana budurwa. Hotunanta na farko abin dariya ne: kwalta ce zalla, ga itatuwa tsaf, mota kuwa ta riga ta wuce. Sai da ta ɓata fim mai yawa kafin ta gane cewa ba a tare mota, binta ake yi. Ka kafe ƙafafunka, ka ɗauko motar tun daga nesa, ka juya da ƙugu kana biye da ita, ka latsa kana juyawa, kuma ko ka latsa kar ka tsaya. In ka yi daidai, motar za ta fito raɗau har ka karanta rubutun jikinta, duk abin da ke bayanta kuwa, itace ne ko mutum, ya zama kamar an shafa hannu a kan ɗanyen fenti.

Wurinta ɗaya ne, kowa ya sani: wata taga da aka yanke a jikin shingen waya, ta ɓangaren cikin kwanar da ke bakin dajin. Baƙin masu hoto da suka zo daga ƙasashe da manyan jakunkuna sukan gwada tsayawa a nan, sai ta dube su sau ɗaya su tuna suna da wani uzuri a gaba. Gajeriya ce, ga murya, ga rashin haƙuri da shirme.

A tsallaken kwaltar, daidai saitin tagarta, nan mijinta yake tsayawa. Armel Leroyer mai raba wasiƙu ne har ya yi ritaya, amma duk shekara yana cikin masu tuta, 'yan sa kai da ke tsayawa bayan katanga cikin riga ruwan goro suna yi wa direbobi alamar haɗari ko santsi. A nan ma suka haɗu. Ita tana budurwa ta zuro kai da kafaɗa ta tagar fiye da ƙima, shi kuma ya yi ta ɗaga mata hannu yana masifa daga can. Bayan tsere ya zagayo don ya ƙarasa faɗan, ta saurare shi har ya gama, ta ce masa maɓallin rigarsa a karkace yake. Ba a shekara ba aka yi bikinsu, kuma ita ta gaya wa mai hoton inda zai tsaya.

Armel yakan ce babu namijin da matarsa ta ɗauka hoto kamarsa a duk Faransa, kuma babu hoto ɗaya da uwarsa za ta iya gane shi a ciki. Gaskiyarsa. Kullum yana can bayan motoci, wani ɗan shafen ruwan goro. Dokar wurin kuwa ɗaya ce da ba ta da ƙane: muddin ana tsere, ba mai taka kwalta ya tsallaka. Don haka daga Asabar zuwa Lahadi suna ganin juna, amma ba magana. Da safe ya ɗaga mata kofin gahawarsa, ita ta ɗaga masa guntun burodinta da cuku, shi ke nan gaisuwar ma'aurata ta ƙare.

Safiyar Lahadin da ake magana, an yi yayyafi da asuba ya ɗauke, rana ta fito. Odile na son wannan lokacin fiye da kowane. Motocin sun yi kaca-kaca da baƙin mai da ƙwari, fitilunsu na kunne, hasken safiya na ratsowa ta itatuwa, direbobi sun gaji har ka ga gajiyar a yadda suke shiga kwana. Kwaltar ta bushe a tsakiya, gefe da gefe da sauran laima. Kusa da ita Firmin na tsaye, mai tutar ɓangarenta, tsohon abokin Armel, da oba-oba, rediyon da masu tuta ke magana da juna, rataye a kafaɗarsa.

"Uwargida, kin bar mini ko ɓawon burodin nan?"

"Matarka ba ta da hannu ne?"

"Tana da shi. Baki ne ya fi yawa, irin naki."

Tana shirin mayar masa da martani ta hango wata koriyar mota ta fito daga cikin itatuwa, sai ta ɗaga kyamara ta ɗauko ta. Kunnenta ne ya fara gaya mata akwai matsala, don inda ya kamata a ji kukan injin ya sauka, bai sauka ba. Tayar baya ta taɓa laima, motar ta juya gefe, ta tsallake tsakuwar da aka zuba don tare irinta, ta nufi katangar tayoyin da Armel ke bayanta. Odile kuwa ƙugunta na biye, yatsanta na latsawa. Sabo turken wawa. Ta bi motar nan har ta daki katanga, ta bi tayar da ta fizge ta tashi sama, kuma ba ta ɗaga yatsa ba sai da ƙura da hayaƙi suka rufe wurin.

Sai a sannan zuciyarta ta iso inda idonta yake. Ta sauke kyamara. Wurin da Armel ke tsayawa babu kowa.

Ba ta san ta zura ƙafa ta tagar ba sai da ta ji an fincike ta ta baya. Firmin ne ya riƙe rigarta da hannu biyu.

"Sake ni!"

"Ba inda za ki."

"Firmin, na ce ka sake ni, ko in fasa maka wannan a ka!"

"Fasa. Amma ba za ki taka kwaltar nan ba. Dubi!"

Motoci uku suka wuce a jere. An riga an ɗaga tuta ruwan ɗorawa, sun rage gudu, amma gudun da suka rage ma ya isa ya aika mutum lahira. Oba-oba ta yi ƙara, Firmin ya kara kunne, hannunsa ɗaya bai saki rigar ba.

"Direba ya fito da ƙafarsa," in ji shi.

"Ina ruwana da direba!"

Ba wanda zai ga laifinta. Ta tsuguna a gindin shingen ta juya kyamarar, don abu ɗaya ta sani a duniya: abin da ido bai kama ba, hoto ya kama. Ta shiga duba su ɗaya bayan ɗaya a ɗan allon baya. Ga motar nan raɗau. Ga lambarta, ga hular direba, ga tsakuwa a sama ɗaiɗai kamar an jera. A bayanta ga shafen ruwan goro, a hoto na gaba shafen ya karkata, a na gaba babu shi. Ta ƙara girman hoton har ƙarshe, ba kai, ba ƙafa, ba ta san ko faɗuwa ya yi ko tsalle ba. Aikin da ta kwashe rayuwarta tana koyo ya fito daidai yadda ta koya, kuma bai gaya mata komai ba.

Ta miƙe ta mayar da kyamarar mai hango nesa kan tsallake, wannan karon mutane take nema. Hayaƙi ya fara washewa. Masu riga ruwan goro na ta kai da kawo, wasu da tukunyar kashe gobara, wasu da tsintsiya, kuma duk kamarsu ɗaya daga nesa. Can bayan katangar ta hango mutum biyu durƙushe a kan wani, ba ta ganin komai nasa sai tafin takalma biyu. Ɗaya na kallon sama, ɗaya ya kwanta gefe. Ta tsaya a kan takalman nan ba ta ko ƙiftawa, tana roƙon Allah a fili su motsa.

Oba-oba ta sake ƙara. Firmin ya saurara, ya ce a maimaita, sai ta ga fuskarsa ta saki. Ya cire na'urar daga kafaɗa ya kara mata a kunne. Muryar shugaban masu tutar tsallake ce.

"Mutum ɗaya ya ji rauni a ƙafa, yana cikin hayyacinsa. Armel ne. Ya ce a gaya wa Firmin ya riƙe matarsa da kyau, don ya san tsallakowa za ta yi."

Odile ta zauna daɓas a kan ciyawa mai laima. Dariya ta zo mata da kuka a tare, ta rasa wanne za ta fara.

"Ji tsohon banza," ta ce. "Yana kwance yana ba da oda."

"Ai ya san kayansa," in ji Firmin. Shi ma ya juya baya yana share ido da hannun riga, wai ƙura ce.

Ta tattara kayanta ta hau ɗan babur ɗinta, ta bi ta cikin daji ta zagaya doguwar hanya. Kafin ta isa an wuce da shi asibitin cikin gari, ta bi bayansu. Wani ɓangare na tayar da ta fizge ne ya same shi ƙasa da gwiwa lokacin da ya yi tsalle gefe. Karaya ce, likita ya ce za ta haɗe, sai dai zai ɗan jima yana dogara sanda. Odile ta sa likitan ya maimaita, ba don ba ta ji ba, don dai daɗin ji.

Sai da la'asar ta kusa aka bar ta ta shiga. Yana kwance, ƙafar a ɗaure an ɗaga ta, fuskarsa duk ƙurje-ƙurjen tsakuwa. Taga a buɗe take, kuma ko daga nan ana jiyo rugugin motocin can nesa. Ta ja kujera ta zauna, kyamarar na rataye a wuyanta don ta manta ta cire.

"Tsohuwa, kin samu?"

"Samu me?"

"Kar ki raina mini hankali. Ina ganin motar ta nufo mu, ina ganin bakin kyamararki na biye da ita."

Abin da ta yi ta gudu tun safe ke nan. Kunya ta kama ta, irin wadda ba ta taɓa ji a gabansa ba.

"Ban daina latsawa ba, Armel. Tana tafiya kanka, ni ina latsawa. Wace irin mata ce wannan?"

"Irin wadda na aura. To da kin ajiye kyamarar, da hannu za ki tare ta?"

"Ba wasa nake ba."

"Ni ma haka. Kin san abin da nake yi lokacin? Tuta nake kaɗawa. Mota ta taho kaina, ni ina gargaɗin na bayanta. Da na yi tsallen da wuri da yanzu ina can ina shan gahawata. Wawaye biyu ne suka haɗu, sai haƙuri. Miƙo in gani."

Ta cire kyamarar ta miƙa masa. Ya laluba, babu tabarau, ya nisanta allon daga fuskarsa yana ƙanƙance ido, ya daɗe yana kallo.

"Kai," ya ce. "Ga 'yar banzar tayar nan a sama. Odile, wannan ya yi kyau fa."

"Na sani," ta ce, hawaye na zubo mata. "Shi ne abin haushin."

Ya kama hannunta ya riƙe. Ya fara ba ta labarin yadda Firmin zai cika gari da cewa shi ya ceci ranta, amma allurar da aka yi masa ta fi ƙarfinsa, maganar ta yi ta tsinkewa har ya yi shiru, bakinsa a ɗan buɗe. Ba ta zare hannunta ba.

Can sai rugugin nesa ya fara raguwa, ya ragu, ya ɗauke gaba ɗaya. An gama tseren. Ba ta san wa ya ci ba, kuma ba ta tashi tambaya ba. Tun jiya da yamma kunnenta bai huta da kukan inji ba, sai yanzu ɗakin ya yi tsit har ta iya jin numfashin Armel yana shiga yana fita. Ta gyara zama a kujerar ta ci gaba da saurare.