Taƙi Biyu

Shekara ashirin da bakwai Mai Awo ya yi a ofishin binciken haɗura, yana auna motocin da suka zame suka daki turken lantarki ko bishiya da gefe. Sai ya sa tef a ƙofar da ta lotsa, ya rubuta zurfin da ta shiga, ya faɗi ko na zaune a wurin ya tsira da haƙarƙarinsa. Gaban mota, in ji shi, akwai inji da zai sha duka. Gefe kuwa, taƙi biyu na hannu ne kacal tsakanin mutum da turke.

Aikin ya ɓata masa hali. Kafin ya amsa gaisuwarka sai ya ƙwanƙwasa ƙofar motarka ya kasa kunne. Maƙwabta suka tsane shi, kuma da gaskiyarsu, don bakinsa ba linzami.

Wata Asabar mijin autarsa ya kawo motar da ya saya ta hannu a sa albarka. Jikar Mai Awo na kujerar baya, ta jingina kai da ƙofa. Tsohon ya ƙwanƙwasa, ƙofar ta amsa kamar gwangwani.

"An taɓa buge ƙofar nan," ya ce. "Mai gyara ya yanke ƙarfen ciki mai tare duka don gilashi ya riƙa hawa."

"Baba, addu'a muka zo nema, ba bincike ba," in ji surukin.

"Addu'ar tana nan tafe. Fito min da yarinyar tukuna."

"Ku dai kullum sai mugun fata!"

Mai Awo ya ɗauko sukundireba, a gaban 'yarsa da 'yan kallo ya ɓalle murfin ƙofar. Ciki wayam, sai guntayen ƙarfe biyu da shaidar zarto.

Surukin ya cika fam. "Kun ci mutuncina a gaban iyalina. Mu da gidan nan har abada!"

Autar ko kallon ubanta ba ta yi ba, tana hawayen takaici. Amma kafin a ta da mota ta janye yarinyar daga jikin ƙofa, ta zaunar da ita a tsakiya, ta ɗaura mata bel.

Mai Awo ya auna da ido: taƙi huɗu tsakanin yarinyar da ƙofa. Yau shekara biyu ke nan ba su tako gidansa ba, abin kuma yana cin sa ƙwarai. Duk wanda ya ce ya gan su a hanya, tambayarsa ɗaya ce: ina yarinyar take zaune?