Tayoyin Injin Gide

Duk wanda ya san layin masu walda na bayan tashar Ƙanƙara ya san Gide, ko da bai san sunansa ba: dogon nan mai tafiya a ɗan karkace, wanda tartsatsin wuta ya huje gaban rigarsa. Mutumin Damari ne, can ƙasar Sabuwa. Ubansa maƙeri ne, shi kuwa tun yana saurayi ya ce guduma da zuga-zugi sun ishe shi, ya tafi Funtuwa ya koyo walda. Da ya dawo gida, garmar shanu da amalanke da ƙofofin ƙauyukan yankin duk ta hannunsa suke bi. Ya auri Suwaibatu, 'yar Alhaji Maharazu mai hatsi na Ƙanƙara, suka haifi 'yarsu Ikhlas, zama ya miƙe. Sai ɓarayin daji suka hana kowa sakat. Shekarar da noma ya gagara, Gide ya kwaso iyalinsa da abin da mota ta iya ɗauka, suka sauka gidan surukinsa. Alhaji ya ba su ɗaki har suka sami haya. Wannan alheri ne, ba mai musu. Illa dai akwai alherin da in aka yi maka shi, bakinka ya mutu ke nan.

Abin da ya tsayar da Gide da ƙafarsa a baƙon gari shi ne injin huda ƙarfe, irin na tsaye, mai tsayin mutum. Na hannu ne, ya sha jiki kafin ya zo gare shi, amma tsinkensa na sauka sak, ba ya ko girgiza. A duk layin ba mai irinsa. Wanda ke son rami mai kyau a jikin ƙofa ko garma, wanda noti zai zauna ciki daram, dole ya sallama wa Gide. Da wannan injin ake dafa tuwo a gidansa, kuma kowa ya san haka.

Matsalar ɗaya ce, nauyi. Shagon Gide ƙunci gare shi, dogon ƙarfe ba ya juyuwa a ciki, sai an fito da injin bakin ƙofa da safe, a mayar da yamma. Kullum sai ya tsaya yana roƙon masu wucewa su kama masa, wani ya kama da fara'a, wani ya kama yana tsaki. Ran nan hadari ya taso, kowa ya yi ta kansa, Gide ya rungumi injin shi kaɗai. Ya shigar da shi, amma bayansa ya amsa, kuma tun daga ranar tafiyarsa ta karkace.

Da ya warware ya iya sunkuyawa, sai ya ce ya gama roƙo. Ya je wurin 'yan gwangwan ya tono ƙananan tayoyi huɗu na wani tsohon gadon asibiti, biyu daga ciki masu birki. Ya yanka angul mai kauri, ƙarfen nan mai kusurwa, don haɗa abin da za a ɗora injin a kai, ya bar faɗinsa ya zarce gindin injin sosai, domin abin duk nauyinsa a ka yake, in gindi ya tsuke kifewa zai yi. Ya ɗiga walda a kusurwoyi tukuna, ya ja igiya daga wannan kusurwa zuwa waccan, ya sake ja ta ɗaya ɓangaren, har sai da suka zo daidai, sannan ya bi ya cike. Ya liƙa farantin ƙarfe a ƙarƙashin kowace kusurwa, injin da kansa ya huda ramukan da aka ɗaure tayoyinsa. Ya goge, ya shafa shuɗin fenti. Aka taru aka ɗora injin a kai, aka ɗaure shi da noti. Gide ya sa hannu ɗaya ya tura, injin ya bi shi salin-alin kamar tunkiyar gida. Ranar har shayi ya saya wa mutanen layi.

Bai san ya jawo wa kansa ba. Mutanenmu, Allah Ya shirye mu, ba su taɓa neman aron abin da ba ya ɗaukuwa. Amma abu ya yi taya? Ya zama na unguwa.

Mani, maƙwabcinsa mai walda, shi ya buɗe ƙofa. "Gide, ɗan ara mani injin ga, rami biyu kawai zan yi, yanzu in maido maka." Yanzun nan ta kai la'asar. Kashegari kafinta ya zo, bayansa mai gyaran injin niƙa, bayansa wani wanda Gide bai ma san inda shagonsa yake ba, amma ya rantse tare suke sallar asuba. Mutanen da a da ke kawo ƙarfensu su tsaya a yi musu aiki, yanzu injin suke turawa su tafi da shi. Sai ka ga mai abu yana bin layi a karkace yana tambaya, "Don Allah wa ya ga injina?" Kuma in ya same shi, jira zai yi a gama.

Sai da aka karya masa tsinke mafi kauri, aka dawo da guntun ba ko sannu, sannan zuciya ta ɗebe shi. Ya nemo sarƙa ya ɗaure injin a ginshiƙin rumfa. Aka yi ta gunaguni, wai ɗan gudun hijira ya yi ƙiba ya manta waɗanda suka kama masa. Ya toshe kunne. Ashe yana iya cewa a'a. Ga 'yan layi dai yana iyawa.

Alhaji Maharazu dattijo ne mai hannu a sake, sai dai hannun nasa ya fi sakewa a kan kayan wasu. Ba ya iya jin mutum na da buƙata bai ce "an gama" ba, ko da abin ba nasa ba ne. A kasuwa ya haɗu da wani abokin cinikinsa, Ɗanliti na Faskari, mai harhaɗa injin casar masara, wanda ke kukan rashin abin huda ga kaka ta matso. Nan take Alhaji ya ce ai yaronsa na da shi, har da tayoyi, sai dai a turo.

Ya iso shagon da hantsi, ga a-kori-kura biye da shi. Gide ya ajiye abin da ke hannunsa, ya durƙusa ya gaishe shi.

"Malam Gide, injin nan naka za a kai Faskari, wurin Ɗanliti. Sati guda ne. Na riga na yi mashi alkawari."

Gide ya dubi ƙasa. Akwai ƙofofin wani gida jingine da bango suna jiran rami, akwai garmar wani mutumin Pauwa. Ya buɗe baki ya ce, "Baba, hanyar ce dai ba ta da kyau..."

"Direban ya san hanya. Ko akwai wani abu ne?"

"Babu komi, Baba."

Da hannunsa ya kwance sarƙar. Ya roƙi direba a kwantar da injin a kan tsofaffin tayoyin mota, a ɗaure shi tamau. Direba ya ce buhunan da zai ɗauka a gaba ba za su bar wuri ba, ai ga birki a tayoyin, a tsaye zai tafi. Alhaji na tsaye yana duba agogo. Aka zarga igiya ɗaya, mota ta tashi.

Da ya koma gida, Suwaibatu ta ga fuskarsa ta tambaya, ya gaya mata. Ta ajiye muciya.

"Abban Ikhlas, da shi fa muke ci. Bari in je in sami Baba yanzu, tun ba su yi nisa ba. Ni ɗiyarshi ce, zan iya gaya mashi."

"Ki je ki ce mi? A ce na kasa magana na turo ki? Mutumin da ya buɗe mana gidanshi?"

"To ɗakin da ya ba mu, da injin za mu biya?"

Bai dai bar ta ta je ba. A nan kam har shi Giden yana ba mutum haushi. Kunya abu ce mai kyau, amma wadda za ta sa magidanci ya zuba ido a tafi da abincin 'ya'yansa, ita ba a san sunan da za a ba ta ba.

Sati ya wuce, wani ya bi bayansa. Mai ƙofofi ya gaji ya kwashe kayansa. In Gide ya kira Ɗanliti, sai ya ji "gobe in Allah Ya so". Sai da aka gama casar masara kaf sannan injin ya dawo, a kwance wannan karon, lulluɓe da buhu, tare da ɗaurin rake na godiya. Gide ya tayar da shi, ya ga gefen kan ya loɓa, an ɗan bubbuga an shafa baƙin mai don kada a lura. Ya kunna. Tsinken da ke sauka sak yanzu rawa yake, yana zagaye kamar mai neman abin da ya ɓace. Sandar cikin da ke riƙe tsinken ta lanƙwashe. Daga baya direban ya faɗa wa Mani cewa tun a tafiya igiyar ta tsinke a wani rami, injin ya gangara ya daki ƙarfen mota ya kife. Ɗanliti ya yi aikinsa da shi haka nan, ramin injin casa ba ya neman kyau. Ba wanda ya ga ya dace a gaya wa mai shi.

Gide ya kai shi Funtuwa, masu gyara suka ce irin wannan tsohon ba a samun sandarsa, sai dai a yi ta cigiya. Ya dawo da shi ya tsayar a lungu.

Labari ya kai ga Alhaji, ya zo jaje. Ya zagaya injin, ya girgiza kai.

"Ikon Allah. Amma Malam Gide, kai ma da ganganci. Abu mai nauyi haka, wa ya ce ka sa mashi taya? Da ba taya ai da bai gangara ba."

Mani, da ke tsaye a gefe, ya juya ya koma shagonsa, don ko shi abin ya fi ƙarfinsa. Gide ya ce, "Haka ne, Baba."

Alhaji ya sa ƙafa ya ɗan tura gindin mai tayoyin, ya ga yadda yake tafiya sumul. Fuskarsa ta washe.

"Amma fa aikin ya yi kyau. Tunda injin ba ya aiki yanzu, sauke shi ka ba ni wannan, mu riƙa jan buhu da shi daga sito zuwa bakin mota. In an gyara sai ka ɗauka."

Gide ya kwance notin ɗaya bayan ɗaya. Ya kira Mani, suka kwantar da injin a ƙasa a tsakiyar shago, bayansa na sukarsa. Shi da kansa ya tura gindin har ƙofar siton, ta tsakiyar kasuwa, Alhaji na gaba yana amsa gaisuwa. Aka ɗora buhun dawa don gwaji, ya tafi lafiya lau, sai dai taya ɗaya na ɗan ƙara.

"Ka ji wannan na kuka," in ji Alhaji. "Ɗan sa mata mai kafin ka tafi."

"To, Baba."

Ya koma shago. Gwangwanin man yana can ciki a kan kanta, sai da ya tsallake injin sannan ya kai gare shi.