Dutsen da Baba Pam Ya Zaɓa a Yankari

Talata: Bukuru zuwa Bauchi

Ranar Talata ta farkon watan Maris, ƙarfe biyar da rabi na asuba, muka tashi daga Bukuru mu huɗu cikin fijon kawuna Alhaji Sule tela. Akwai shi Kawu, da Mato direba, da ni, sai Baba Pam, maƙwabcin Kawu tun zamanin da kuza ke da daraja. Maiduguri muka nufa, ɗaurin auren ɗan Kawu da ke aiki can, ranar Juma'a.

Ratsen Yankari kuwa don Baba Pam aka shirya shi. Ya ƙare ƙuruciyarsa yana tuƙa wani injin haƙar kuza da leburori ke kira Giwa, amma bai taɓa ganin mai sunan ba. Ga shi cutar yanar ido ta hau masa ido duka biyu, likita ya ce bayan damina gani sai dai labari. Abin da ya wuce tsawon tsakar gida ba ya rarrabe shi.

"Ba don tausayi zan kai ka ba," in ji Kawu da muka wuce Tina Junction. "Don ka daina cika mini kunne ne."

"Tela, ka ɗinka bakinka," in ji Baba Pam. "Zare bai yi tsada ba."

Bayan Tilden Fulani muka taras da shingen sojoji. Wani kofur ya leƙo ya ce, "Oga, ina zuwa?" Kafin Mato ya buɗe baki Baba Pam ya ce, "Gaisuwan giwa." Kofur ya dube shi, ya dubi furfurarsa, ya ce a miƙa tasa gaisuwar, ya ɗage mana gora.

Kilomita ɗari da talatin ne zuwa Bauchi, muka shiga wajen ƙarfe takwas. Tun da aka ba su jiha garin ya cika da tifa da siminti. Muka ci masa ta naira ɗaya mu huɗu, har aka yi ragi. A nan Baba Pam ya cire kwat da suwaita, ya ce ashe haka mutane ke zaune cikin tukunya ba su kai ƙara ba.

Yankari, da yamma

Daga Bauchi muka ɗauki hanyar Gombe, muka karya dama a Dindima. A ƙofar dajin aka rubuta sunayenmu, aka gargaɗe mu da abu guda: ba a sauka daga mota. Daga ƙofa zuwa masauki akwai fiye da kilomita arba'in, duk daji.

Aka ba mu ɗakuna biyu zagayayyu masu jinka. Mato na sauke kaya wani gwaggon biri ya zo ya ɗauke burodinmu, ya hau bayan motar ya zauna yana ci. Mato ya ɗaga dutse, birin ya dube shi irin kallon da mai gida ke yi wa ɗan haya. Mato ya ajiye dutsen.

Sai ruwan Wikki. Daga ƙarƙashin dutse yake ɓuɓɓugowa, garai-garai, da ɗuminsa. Mu da muka saba hura wuta kafin mu yi wanka, abin ya ɗaure mana kai. Kawu ya tambayi wani ma'aikaci wa ke biyan kuɗin itacen.

La'asar sakaliya aka ɗauke mu cikin buɗaɗɗiyar babbar mota, tare da ɗan rakiya mai bindiga. Mun ga gwanki, mun ga garken ɓauna, mun ga gadu da 'ya'yanta jela a tsaye, amma duk daga nesa. Na zauna kusa da Baba Pam ina faɗa masa abin da ke wucewa, launi da girma da yawa. Ya saurara har ya gaji, sannan ya dafa gwiwata.

"Ɗana, in labari nake so, da na zauna gida na kunna ka a rediyo."

Na daina ba shi labarin. Ranar Kawu ma bai tsokane shi ba.

Laraba: fita ta ƙarshe

Dole mu bar dajin kafin azahar in muna so mu kwana Gombe, saboda haka fitar safe ita ce ta ƙarshe. Baba Pam ya sha shayi kofi uku, ya ce yana wanke ido.

Muka bi gefen kogin Gaji. Ga kashin giwa sabo, ga itatuwa an karya su kamar kara, amma ita babu. Rana ta ɗaga, ɗan rakiya ya ce lokacin juyawa ya yi. Kawu ya roƙe shi a ƙara ko kaɗan. Ɗan rakiyan ya sa aka tsaya a wata fadama, ya sauka ta dama yana duba sawu, mu duka muka bi shi da ido.

A nan shayi ya nemi hanya. Baba Pam ya zame ta bayan mota, ya ce, "Bari in zaga bayan dutsen nan."

Mun waiwaya, mun kuma ga dutsen: ƙato, toka-toka, rabinsa cikin ganye a inuwar wata tsamiya. To, mu mutanen Jos ne. Dutse a ƙofar gida, dutse a gona, dutse kan dutse a bakin hanya. Wa zai dubi dutse sau biyu? Kawu ma cewa ya yi, "Ka matsa ciki sosai, Pam, akwai manya a nan."

Ɗan rakiya ya ɗago kai. Ban taɓa jin murya ta yi ƙasa haka ba kuma ta isa ko'ina.

"Baba, tsaya cak. Fadamar nan babu dutse."

Sai dutse ya kaɗa kunne.

Tsakaninsu bai fi tsawon mota biyu ba. Giwar ta juyo a hankali, haurenta ɗaya a gutsure. Kawu ya kama salati. Mato ya kwanta a ƙasan benci. Ɗan rakiya ya gyara bindiga yana cewa, "Da baya da baya, Baba, kada ka juya."

Baba Pam bai motsa ba. Hannunsa ɗaya na kan bel, ya sa ɗayan ya cire hula. Ya ɗaga kai yana kallo tun daga ƙafa har doro, ba gaggawa.

"Tela," ya ce, "na gan shi. Har gashin idon shi na gani."

"Ka gani, to dawo, don girman Allah!"

Giwar ta miƙo hanci ta shaƙi iska, ta karya reshe ta kai baki, ta juya ta shige kurmi. Sannan Baba Pam ya taho da baya. Ɗan rakiya ya yi masa faɗa sosai, kuma da gaskiyarsa, Baba Pam ya ba shi haƙuri sau uku. Kawu kuwa ya riƙe rigar abokinsa yana zaginsa, bai sake shi ba sai da muka ga masauki.

Mato ya fito daga ƙasan benci ya ce, "Baba, fitsarin fa?"

"Ya koma," in ji Baba Pam.

Gombe, Biu, Maiduguri, da komowa

Mun kwana Gombe gidan wani abokin cinikin Kawu, aka ba mu tuwon dawa da miyar kuka. Alhamis muka hau tudun Biu, taya ta fashe sau ɗaya, muka shiga Maiduguri da la'asar. An ɗaura aure Juma'a lafiya. Wajen walima labarin dutse ya fi na ango tashe. Muka komo ta Potiskum da Bauchi, muka iso Bukuru Lahadi da magariba.

Muna godiya ga Allah da ya kai mu ya komo da mu, ga mai masaukinmu na Gombe, ga ɗan rakiyan da bai yi harbi ba.

Idon Baba Pam ya rufe bayan damina, kamar yadda likita ya faɗa. Yanzu jikarsa ke riƙe masa sanda zuwa coci. Ta gaya wa Kawu cewa duk dutsen da za su gifta, sai ya tsaya ya yi gyaran murya, ya jira.