Rijiyoyi Bakwai na Baffa Dikko

Ina kasuwar Gazawa ina awon garin rogo, wani direban Katsina ya tsaya a kaina ya ce, "Bafillacen nan naka mai waƙa ya rasu, jiya aka kai shi." Na yi innalillahi, na ƙarasa awon. Bana fari ya dawo, mutuwa ta yi yawa, hawaye sun daina zuwa.

Baffa Dikko makiyayi ne daga dajin Gangara. Farin farko ya cinye shanunshi kaf, ya saɓa ƴarshi Tumba a kafaɗa ya ƙetara iyaka, ya zama mai gadin sito a Katsina. Can na san shi. Duk ranar da na je sari, sai ya ba ni inuwa da ruwa kafin ya tambaye ni komai.

Da ya ji na taɓa lakol, wato makarantar boko, sai ya ce, "Kaɗo, bakinka ya iya ƙarya, bari mu ga ko hannunka ya iya gaskiya. Rubuta." Waƙa guda ce, kowane baiti rijiya ɗaya a kan burtalin da ya biyo daga mashekarinsu: mai ɗanɗanon kanwa, mai cin igiya, wadda ke gindin gawo. Yakan ce, "Ba kuka nake ba, hanya nake ajiye ma Tumba."

Da yake ta can nake biyowa, kowane zuwa sai ya tambaya, "Ta gindin gawo tana nan?" In ce, "Tana nan, Baffa, har na sha." Alhali yashi ya binne ta, gawon ma an sassabe ma awaki. Na sha tallar kaya marasa kyau, amma shi kaɗai ne bai taɓa juya kayan ya duba ba.

Na je gaisuwa. Tumba, da goyo a baya, ta fiddo takardun ta ce, "Kawu, Baffa ya ce in ya rasu mu bi waƙar mu koma. Mun ɗaure kaya." A ƙasa za su tafi, da jariri, cikin wannan fari.

Na ce, "Bakwai ne a waƙar. Biyu ke da ruwa. Ni na ɓoye mishi."

Ta kwance ɗaurin kayan. Ta ce, "Sa mani alama a kan biyun." Na sa.

Allah ya jiƙan Baffa Dikko, ya shayar da shi daga tafkin Alkausara, ya yafe mani abin da na gaya mishi. Ya ba Tumba da ɗanta haƙuri, ya sauko da ruwa, ta ga gida da idonta. Amin.