Garba da katin asibitin da ya ƙi karɓa

Shekara shida ke nan da rasuwar aminina Garba mai walda, Allah Ya jiƙansa. Tare muka zo Riyad, ɗaki ɗaya muka zauna a unguwar Utaiƙa, ni ina tuƙi, shi yana walda. Da ciwon suga ya matsa masa, kafilinsa, wato ubangidansa, ya ƙi sabunta masa iƙama, takardar izinin zama, dole ya koma gida.

Komawarsa ta zo daidai da zaɓen gwamna a jiharmu, kuma ɗan takararmu ya sha ƙasa. Mu da ke nan abin ya fi ƙona mu. Duk Juma'a bayan an sauko masallaci sai mu taru a unguwar Batha muna shan shayi, muna cewa an yi mana fashi. Da sabuwar gwamnati ta fito da katin asibiti na talaka, ba mu tsaya jin yadda tsarin yake ba. Muka ce dabara ce ta sayen mutane, wasu suka ce ma akwai shubuha a ciki. Muka riƙa ɗaukar murya a waya muna turawa gida cewa kada kowa ya yi rajista. A garinmu kuwa, maganar wanda ke Saudiyya kamar fatawa ake ɗaukarta, ko da direba ne irina. Alhali kowannenmu yana da katin inshora a aljihu, wanda ba mu taɓa tambayar halaccinsa ba.

Wata rana Garba ya kira ni. Ya ce, "Alhaji Isa, ƙafar nan ta ƙi warkewa. Uwar yara ta dame ni in karɓi katin mutanen nan."

Na ce, "Haba Garba! Kai da hularka ta jam'iyya za ka bi layinsu? Sai su sa ka a rediyo."

Ya yi dariya ya ce, "Khalas, shi ke nan, na fasa. Gara ƙafar ta yi wari da sunana ya yi wari."

Sai da aka yanke ƙafar. Bai daɗe ba bayan nan.

A shekarar ne ofishinmu ya tura ni filin jirgi in ɗauko baƙo. Wani jigo ne na jam'iyyarmu, cikin masu cewa a ƙaurace wa katin. Ya zo a duba masa hawan jini a babban asibiti. A mota na faɗa masa labarin Garba. Ya ce, "Allah Sarki," ya ce in ƙara sanyin motar.

Yau mutanenmu ne ke mulki. Katin yana nan, launi da suna kawai aka canza masa, kuma a Batha waɗanda suka tsine masa su ne ke yabonsa. Nakan ce da Garba zai leƙo, me zai ce? Na san shi da ba'a, amma ban jin wannan zai ba shi dariya. Matarsa da katin take karɓar magani yanzu. In na kira, takan amsa gaisuwa da ladabi, sannan ta miƙa wa yara wayar.

Ƙofofin da Garba ya haɗa suna nan daram a gidajen unguwar Ulaisha, ina wuce su kullum. Mutum ne da in ya ce yana tare da kai, to an gama. Ya riƙe amana har kabari, ga mutanen da ko sunansa ba su sani ba.