Ranar da Aka Tura Hajara Argungu Ba Rumbu

Ba na jin zan taɓa mantawa da ranar da aka tura abokiyar aikina Hajara zuwa Argungu, kuma duk sanda na tuna sai raina ya sake ɓaci.

Lokacin ina rubuta manhaja a wani ƙaramin kamfani a unguwar Gesse. Wata ƙungiyar manoman shinkafa ta ba mu aikin manhajar yi wa manoma rajista kafin rabon irin noman rani. Ga wanda ba sana'arsa ba, irin wannan manhaja ba ta riƙe ko suna ɗaya da kanta. Sai da rumbun bayanai, wato wata manhajar daban mai adana duk abin da aka shigar. Da can kayan aikin da muke rubutu da su tare suke zuwa da rumbun, ka sa ɗaya ka sa duka. Sai masu kayan suka ce wai sun rage nauyi, kowa ya sauke rumbun da yake so daga intanet. Su da sabis bai taɓa yi musu gardama ba!

Na sami manajanmu na ce a jinkirta tafiyar Hajara zuwa Argungu, mu haɗa komai a kwamfutar da za a tafi da ita.

Ya ce, "Kai kullum ƙorahi. In ta isa ta sauke abin can."

Na ce, "Yallaɓai, bakin hwadama za a yi rajistag ga. Babu sabis."

"Mota na jira," in ji shi.

Ya miƙa wa Hajara sabuwar kwamfuta. Ita ce sabuwa a cikinmu, ba ta da bakin musu.

Ta tarar da manoma sun cika rumfa, sun bar gonakinsu tun safe. Ta buɗe manhaja, manhaja ta nemi rumbu, babu. Ta ɗaga waya sama, ta hau tudu, ta koma bakin titi. Saukarwa ta fara sai ta yanke. Bayan azahar wani dattijo ya ce mata, "Ɗiyata, in na'urag ga ta ƙiya, hwaɗa muna mu koma gona." Suka watse, shugaban ƙungiyar ya kira manaja ya wanke shi tas.

Washegari manaja ya tara mu, ya ce Hajara ta kunyata kamfani, ya ce ta ajiye katin aikinta ta tafi. Na miƙe a fusace.

"Wallahi ba laihinta ba na! Ni da bakina na hwaɗa maka!"

Ya ce in zauna. Na ƙi, na yi ta faɗa har muryata ta dishe, amma hakan bai dawo da ita ba.

Shi ya sa in yaran yanzu suka ce mini raba rumbu da kayan aiki ya fi tsari, ba na iya danne zuciyata. A ba mutum kaya cikakku, wanda ba ya so ya cire. Abin da na koya shi ne, a sana'ar nan masu yanke shawara suna zaune inda sabis ke cike, ƙaramin ma'aikaci shi ke tsayawa a gaban jama'a. Manajan an ƙara masa girma. Hajara kuwa, wadda ta fi mu duka hannu, ba ta sake rubuta manhaja ba.