Rijiyata ta Narayi da Gidan Kan Tudu

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Kudenda, ta wajen gangaren kogi, ya san yadda ake duba gida. Ba rufi ake fara kallo ba. Tsugunnawa ake yi, a zaro makulli daga aljihu a kankare gindin bango. In fenti ya zubo kamar gari, ko aka ga kore-kore a ƙasa, to ruwa na shiga, sai mutum ya miƙe ya kama gabansa ko da kyauta aka ce ya zauna. Mijina ya ƙware a kankarar bangon nan har maƙwabta kan zo su tafi da shi ya duba musu gida. Ƙwarewar nan ce ta raba ni da gidana, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci sabo fil.

Shekara goma sha ɗaya muka yi a ɗaki biyu na haya a can. Shi yana aikin sito a wani kamfani, ni ina sayar da abinci a ƙofar ma'aikata, shinkafa da wake da rana, tuwo da yamma. Sau uku ruwa ya shigo mana. Na ƙarshen ranar Lahadi ce, mun dawo daga coci muka tarar da tukwanena suna yawo a tsakar gida, katifa ta sha ta ƙoshi. Da mai gidan ya zo, ko sannu bai ce mana ba. Ya hau kan bulo don kada takalminsa ya jiƙe, ya ce ruwan wanke-wankena ne ya toshe kwata, kuma daga sabuwar shekara ya ƙara kuɗin haya. A gabansa mijina ya ɗaga hannu sama ya rantse, in dai ya fita daga gidan nan ba zai sake zaman haya ba, balle ya kira wani ɗan Adam lanlod. Na ji daɗin maganar a ranar, kaɗan ya rage in yi guɗa.

Muka sayi fili a Narayi, can sama inda ruwa ba ya kwanciya. Shekara shida muna gini, bana bulo, baɗi kwano. Ginin nasa ne, ba zan ci haƙƙinsa ba, amma rijiyar tawa ce. Adashin zumuntar mata na ɗauka na kira masu haƙa, na tsaya a kansu kwana goma sha tara da goyo a bayana, ina dafa musu abinci. Da suka tarar da dutse suka ce a haƙura a canza wuri, na ce su fasa shi ko wata guda za su yi. A ƙarƙashin dutsen ruwan yake, garau, mai sanyi. Ko a watan Maris, lokacin da rijiyoyin layinmu ke komawa laka, tawa ba ta taɓa ƙafewa ba. Duk layin a wurina suke ɗiba, ban taɓa karɓar ko sisi ba. Da ruwan nake girkin sayarwa, da shi na raya gwanda da ayaba da ganyen ugu a bayan kicin.

Shekararmu huɗu a ciki, kamfani ya buɗe sabon sito a wani birni can ƙuryar arewa, a bakin hamada, suka ce shi zai je ya riƙe. Ƙarin girma ne, kuma ban ce ba zan bi shi ba. Magana ɗaya kawai na kawo.

"Baban yara, mu kama haya a can na shekara ɗaya, mu ga garin tukuna. Nan kuma mu sa ɗan haya. In wurin ya karɓe mu sai mu saya."

Ya ajiye cokali ya dube ni kamar na zage shi.

"Haya? Ni? Kin manta rantsuwar da na yi a Kudenda?"

"A Kudenda ka yi ta. Can ba ka san kowa ba, ba ka san komai ba."

"Gida gida ne, ko a ina yake. Mu sayar da wannan mu sayi namu a can, shi ke nan. Ba zan zama manaja ina ɓoye wa kiyateka mai karɓar kuɗin haya ba."

Lahadin da ta biyo baya wansa ya zo daga Sabon Tasha. Ya cinye tuwon da na tuƙa, ya sha ruwan rijiyata kofi biyu, sannan ya gyara zama ya ce, "Matarmu, ki bar maza su yi lissafinsu. Kuɗin haya zubar da kuɗi ne. Namiji da ya riga ya yi gida ya koma haya? Haba, za a yi mana dariya a ƙauye, abi?" Mutumin da shi kansa shekara ashirin yana haya a bayan gareji! Na haɗiye maganar don yaya ne, amma na kwashe kwanukan da ƙarfin da ya sa murfi ɗaya ya faɗi.

Mijina ya tafi duba garin. Kwana huɗu kacal ya yi ya dawo, fuskarsa har sheƙi take yi. Ya kunna mini bidiyo a waya. Gida ne sabo, ɗaki uku, shi kaɗai a kan tudu, garin na can ƙasa. Ga kuma mijina a tsugune, ya ba dillali waya ya ɗauke shi yana kankarar gindin bango da makullin motar kamfani. Kusurwa huɗu ya bi, ɗaya bayan ɗaya.

"Kin gani? Busasshe ƙayau. Ko alamar danshi babu. Kuma araha, ki ji fa! Mutanen garin ba su san gida ba sam, duk sun cunkushe a kwari."

Zan faɗi gaskiya, ni ma gindin bangon na kalla. Idon Kudenda gare ni kamar nasa. Ban ga aibin gidan ba, sai dai hankalina ya ƙi kwanciya.

Ranar Laraba nakan je Gonin Gora sarin doya da tumatir. Akwai wani tsoho a bakin titi mai sayar da kanwa da dabino, na daɗe ina sayen kanwa a wurinsa, kuma na san daga can wajen yake. Na miƙa masa wayata, don mijina ya tura mini bidiyon. Ya kalla sau biyu, sannan ya goge gilashin wayar da bakin rawaninsa ya miƙo mini.

"Madam, ina bishiya?"

Na ce sabuwar unguwa ce, Baba.

"A wurinmu, inda kika ga mutane sun matsu, nan ruwa yake. Ba wauta ce ta tara su a kwari ba. Wannan tudun rairayi ne, tafiya yake yi. Ko gaba talatin aka haƙa a nan ba za a ga laima ba. Ki ce wa maigidanki ya zauna a gidan wani ya ga rani ɗaya, ya ga iska ɗaya, kafin ya sa hannu."

Ko tumatirin ban tsaya tayawa ba, na hau mota na dawo. Na zayyana wa mijina komai. Buɗar bakinsa sai ya ce, "Yanzu mai kanwa ne zai koya mini duba gida?"

"Ka ga rijiya a gidan?"

"Dillali ya ce ana shirin jawo famfo."

"Ka tambayi maƙwabta inda suke ɗiba?"

"Babu maƙwabta tukuna. Ke fa matsalarki ke nan, kin fi son rijiya a kan ci gaban mijinki."

Nan na fashe. Na ce masa kwana huɗu ya yi a gari yana neman ruwan da zai gudu daga gare shi, bai ɗauki minti ɗaya ya nemi wanda za mu sha ba. Na ce rantsuwarsa ba ta fi ƙishin 'ya'yana ba. Na faɗi wasu maganganun da ba zan rubuta ba. Ya yi kunnen uwar shegu da ni, domin ya san abin da na sani: takardar filin sunansa kaɗai ke jiki. Ranar da aka sa mata hannu a gaban mai unguwa, ni ina can ina zagayawa da tire ina raba wa shaidu zoɓo. Ban ko leƙa takardar ba, don ban taɓa zaton ranar da zan buƙaci sunana a kanta za ta zo ba.

Mai sayen gidanmu na Narayi wani ɗan kasuwa ne daga Kakuri, mai sayar da kayan gyaran mota. Da ya shigo, mijina har ya zaro makulli zai nuna masa bangon. Mutumin ko kallo bai yi ba. Kai tsaye ya wuce bayan kicin, ya ɗage murfin rijiya, ya zura guga da kansa, ya ɗebo ya kurɓa. Ya juyo wurina.

"Madam, wannan wel ɗin, yana bushewa a Maris?"

Da na yi shiru. Da na ce masa wani lokaci. Amma rijiyata ce aka tambaya, sai girman kai ya riga hankalina fita.

"Ba ta taɓa ba," na ce. "Duk layin nan a nan suke sha."

Ya gyaɗa kai, bai sake neman ragi ba. Da bakina na ƙulla cinikin. Bayan ya tafi mijina ya dafa kafaɗata yana murmushi wai na iya talla, na ture hannun.

Ba zan tsawaita labarin can ba. Bangon dai busasshe ne kamar yadda aka yi alkawari. Ruwa kuwa a amalanken jaki ake hauro mana da shi, in mai jakin ya ga dama, don ya ce hawan na kashe masa dabba. Ni da na shayar da layi guda, na koma ina wanke shinkafa in tara ruwan in wanke kwano, in tara na kwanon in zuba a bayi. Sana'ar abinci ta mutu a wata na biyu, domin ba a girkin sayarwa da jarka uku. Kullum da safe shebur muke fara ɗauka kafin tsintsiya, mu kwashe rairayin da ya tokare ƙofa. Famfon da ake shirin jawowa har yau ana shiri. Kafin mu cika shekara biyu rairayi ya kai tagar ɗakin yara ta gabas.

Muka sauko kwari muka kama haya. Ɗaki biyu ne a gidan wani Alhaji, da dogon yaro a tsakar gida da rijiya a gindinsa. Da kunnena na ji mijina ya rusuna yana cewa, "Ranka ya daɗe, lanlod." Gidan kan tudu yana nan, namu ne halak malak, ba mai saye ba mai haya, don mutanen garin ba sa kankarar bango. Wata rana da yamma yana zaune a bakin rijiyar Alhajin ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Maman yara, da na ji taki." Shekara biyu ina jiran maganar nan, da ta zo kuma ban ji daɗin komai ba. Haushi ma ta ƙara mini, don ba ta dawo da ko guga ɗaya ba.

Bara da Ista na zo Kaduna bikin 'yar ƙanwata. Washegarin biki na ce zan je gaida mutane, na hau keke na nufi Narayi ni kaɗai. Tun daga kwanar layinmu na hango jarkoki a jere. Mutumin da ya sayi gidan ya sa inji a rijiyar, ya ɗora tanki, ya fito da famfo uku ta jikin katanga yana sayarwa. An sare gwandar, ayabar ma babu. Matan da muka yi shekaru muna hira a bakin rijiyar nan suna tsaye a rana, kowacce da kuɗinta a dunƙule a hannu. Tsohuwar maƙwabciyata ta gan ni, ta rungume ni, sannan ta nuna layin da haɓa ta ce, "Kin ga abin da kuka bar mu da shi."

Ƙishirwa ta kama ni, ga gorar roba a jakata babu komai a ciki. Ban yi wani tunani ba, ƙafata ce kawai ta san hanya. Na ratsa jarkokin na isa bakin famfo, na buɗe gorar na miƙa hannu. Wata mata da ke zaune a kan kujera a gefe, matar mai gidan ce ashe, ta ɗago ta dube ni sama da ƙasa.

"Madam, layi ne fa. Ki koma baya."

Na buɗe baki zan gaya mata kwana nawa na tsaya a kan dutsen da ke ƙarƙashin kujerarta, da goyo a bayana. Sai na ga ba ta san ni ba, kuma babu takardar da ta san ni. Na rufe gorar, na koma baya na tsaya. Mutum goma sha huɗu ne a gabana.